Ƙofar da na sa aka ɗaure da waya

Ni da bakina na ce a ɗaure ta, wata 'yar ƙofa ce a jikin injin motata. Gara in fara da wannan, kada wani ya karanta ya ɗauka zaluntata aka yi.

Bara bayan damina injin motata ya gama yayinsa. Tsohuwar Hilux ce, irin a-kori-kurar da mu a nan Sudan muke kira boksi, kuma da ita nake riƙe da gida. Ruwan sha, abinci, ma'aikata da man gas nake kaiwa gonakin da ke kudu da Gadarif, in dawo da buhunan riɗi da dawa. Man gas a nan jaz ake ce masa, fetur kuma banzin, don haka baƙo ya kiyaye bakinsa a gidan mai. Injinta na asali 2L ne marar turbo, wato na'urar da ke danna ƙarin iska cikin inji. Da na tashi saye sai na samu ɗan'uwansa na hannu, 2L-T, shi ma lita 2.4 da silinda 4, amma da turbo CT20 maƙale a gefensa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan gyaran da muka saba ɗaukowa daga Hartum suka yanke, abin da ya shigo ta Bur Sudan shi ne kaya. Na saya, aka ɗora, ya tashi lafiya.

Ba a yi wata biyu ba na tsaya faci a wata kasuwar bakin hanya, wani makaniki da ke zaune a inuwa ya taso ya leƙa bonet, ya girgiza kai. Ya ce, "Haj, kuɗin turbo ka biya, amma rabinsa kake ci." Ya nuna min wani ɗan gwangwani mai sanda a jikin turbon, ya ce wannan sanda wata ƙofa take buɗewa a ciki, ƙarfi ya zube a salansa a banza. In ina so zai rufe ta. Wa ba ya son ƙari? Na ce bismillah. Ya naɗa waya a hannun ƙofar ya murɗe da filaya, ya zare ƙaramin tiyon da ke zuwa gwangwanin ya toshe shi da ƙusa, sannan ya koma wajen famfon jaz ya ɗan juya wani sukuru. Duka aikin bai kai shan shayi ɗaya ba.

Kuma gaskiya mota ta tashi. Ka taka totur turbo ya yi fito kamar shaho, ta fizge ka. Na yi watanni ina wuce manyan motoci ina ɗaga musu hannu. Sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Allurar zafi, wadda da ba ta wuce tsakiya, ta koyi hawa in da kaya. Babban tiyon iska ya fice sau biyu da ƙara kamar fashewar taya. Lagireto ya fara neman ruwa kowace safiya. Ƙarshen Satumba ya zo, yankan riɗi ya matso, shi kuwa riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, kwanso ya bushe ya tsage ƙwaya ta zube a ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai na kai ta wajen Kawu.

Kawu ba ƙanin uwata ba ne na jini, abokin mahaifina ne tun suna yara a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutanen unguwar masana'antu Usta suke ce masa. A kan tsofaffin lorin Bedford ya koyi aiki, ya tsufa a kan taraktocin Massey Ferguson, kuma kayan awonsa biyu ne, kunne da tafin hannu. Na tafi da ɗan yayata, wanda yaƙi ya katse masa karatun injiniya ya dawo hannuna, shi ne yanzu yaron motata, ko musa'id kamar yadda ake faɗa a nan.

Kawu ya buɗe bonet, idonsa ya sauka kan wayar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan?" Na ce wani ne a hanya. Ya ce, "Kana barci ya yi?" Na yi shiru.

Yaron ya ce kafin a taɓa komai yana so a auna. Ya riga ya sa wani direba ya taho masa da gejin matsin iska daga Bur Sudan, ɗan ƙarami mai allura, daga sifili zuwa bar 2, bar shi ne ma'aunin matsin. Kawu ya ce awon me, ai kunnensa ya gaya masa ta ɗan haura ƙa'ida, shi ke nan. Yaron ya ce, "Kaka, a bar ni in gani." Ya yanke siririn tiyon da ke kai iska kan famfon jaz, ya sa mahaɗi mai baki uku, ya jawo dogon tiyo ta gefen bonet ya shigo da shi ta taga. Muka hau kwalta mu uku, Kawu a tsakiya da gejin a cinyarsa. Na sa giya ta uku na taka. Allura ta wuce 0.8, ta wuce 1, ta kai 1.2 ba ta da niyyar tsayawa. Kawu ya buge min gwiwa ya ce, "Ɗaga ƙafarka!" Irin wannan inji bai kamata ya wuce wajen 0.8 ba. Har muka koma warsha, wato garejinsa, bai ƙara cewa uffan ba.

A can, bayan mun ci ful na fatur, wato waken karin kumallo, muna jiran inji ya huce, ya ɗauko wani mataccen turbo daga ƙarƙashin benci ya ajiye min a gaba. Katantanwa biyu ne haɗe da juna, kowace da farfela a cikinta, sanda ɗaya ta soke su. Hayaƙin da inji ya fitar shi ke juya farfelar baya, ita kuma ta juya ta gaba, ta gaban ta zuƙo iska ta dannata cikin inji. Iska ta ƙaru, jaz ya ƙone da yawa, hayaƙi ya ƙaru, farfela ta ƙara gudu, iska ta sake ƙaruwa. Abu ne mai ciyar da kansa, kuma sandar nan tana wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Ba shi da birki sai wannan ƙofa. Turawa westiget suke ce mata, Kawu bawwaba yake cewa. Wani ɗan marfi ne kamar kwabo a cikin katantanwar hayaƙi, yana rufe da wani rami. In matsin iska ya kai inda aka tsara, marfin ya ɗaga, wani kaso na hayaƙin ya bi ta ramin ya wuce salansa bai taɓa farfela ba. Mai bakin hanya bai yi ƙarya ba da ya ce ƙarfi ake zubarwa. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙarfin da ake zubarwar shi ne wanda inji ba zai iya ɗauka ba.

Yaron ya ƙara wani abin da ya fi ƙona min rai. Ya ce a injin jaz iska kaɗai ba ta ba da ƙarfi, mai ne ke bayarwa. Fizgar da na yi ta murna da ita yawancinta daga sukurun famfo ta fito. Wayar abin da ta ƙara min shi ne iska mai zafi, don iska in aka matse ta zafi take yi, kuma injina ba shi da abin sanyaya ta a hanya. Ga matsi a kan gaskit da kan silinda, ga farfela tana gudun da ba nata ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Aka fara kwancewa. Yaron ya cire garkuwar zafi, ya zare babban tiyon iska don hannu ya samu shiga, ya cusa tsumma mai tsabta a kowane baki da ya buɗe, saboda ƙurar Gadarif ba ta neman izini, kuma ɗan tsakuwa ɗaya ya isa ya ci haƙoran farfela. Kawu ya datse wayar da filaya ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. A kan hannun ƙofar akwai ɗan kilif mai kamar kofaton doki da ke riƙe da bakin sanda. Ya rufe shi da tafin hannu kafin ya zungure shi, don in ya yi tsalle ya faɗa ƙasar warsha sai dai a yi masa addu'a. Sanda ta fita. A nan ya kamata hannun ƙofar ya riƙa lilo da ɗan yatsa. Kawu ya tura, ko gezau.

Kusan shekara ƙofar ba ta motsa ba, tsatsa da baƙin hayaƙi sun kama sandarta a cikin bushinta kamar an yi walda. Wannan ne ya cinye mana yinin. Sai da aka sauke gwiwar salansa don a ga marfin ido da ido, kuma cikin notinan da ke riƙe da ita ɗaya ya karye da ƙusarsa, aka yi ta haƙa. Kawu ya ɗiga jaz gauraye da man birki a gindin hannun, ya bar shi ya sha, ya ɗan gasa kewayen bushin da wuta, ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa kan sandar a hankali kamar mai sallama a gidan surukai. Ni na gaji, na ce a sa babbar filaya a murɗe. Ya ce, "Hannun nan walda ɗaya ce ta riƙe shi. Ka karya, ka sayi katantanwa. Kana da kuɗinta?" Ba ni da su. Ya ci gaba: ɗiga, ƙwanƙwasa, tura gaba, ja baya. Wajen la'asar hannun ya motsa kamar kaurin farce. Wani jan ruwa ya tsattsafo daga bushin. Daga nan kowace turawa tana ƙara buɗewa, har ya zama in ka ɗaga shi ka saki sai ka ji marfin ya koma ya ce ƙas.

Sai duba marfin da mazauninsa. Kawu ya kankare baƙin da ya daskare, ya shafa alli a fuskar marfin, ya rufe ya danna, ya buɗe. Allin ya zana zobe a kewayen ramin, cikakke, ba inda ya yanke. Amma akwai wata 'yar tsaga siririya kamar gashi da ta taso daga bakin ramin. Ya ce tsofaffin katantanwa da yawa suna da ita, zafi da sanyi ne ke haifar da ita, kuma muddin ba ta ratsa inda marfi ke zama ta buɗe baki ba ana tafiya da ita, sai dai a riƙa leƙawa. Ya kama sandar farfela da yatsu biyu ya girgiza. Gefe da gefe akwai ɗan wasa, wanda ya ce dole ne, don a kan baƙin mai take yawo, in dai farfela ba ta gogar bango. Gaba da baya kuwa bai ji komai ba. Nan na sauke ajiyar zuciya ta farko.

Tsohon gwangwanin kuwa ya mutu. Yaron ya sa baki ya hura ta bututunsa, iska ta fito ta gindin sanda tana shuu. Don in gani da idona ya sa zarto ya raba shi biyu. Ba komai a ciki sai sifirin, da faifan ƙarfe, da fatar roba da ta raba ɗakin biyu. Iska ta shigo ta danna robar, robar ta danne sifirin, sanda ta fito ta tura ƙofa. Matsi ya ragu, sifirin ya jawo sanda ƙofa ta rufe. Robar tawa ta bushe ta tsage a gefe. Wato ko da na kwance waya na mayar da tiyo, ƙofar ba za ta taɓa buɗewa ba, kuma daga waje ba abin da zai nuna. Wannan ya tsaya min a rai, don motoci nawa ne ke yawo a haka ba wanda ya ɗaure musu komai? Kishiyarsa kuma ita ce kilif ya faɗi sanda ta fice, ƙofa ta zauna a buɗe, mota ta mutu a ƙafa kamar ba turbo.

Sabon gwangwani ya iso bayan kwana huɗu. Ba na asali ba ne, irin na gama-gari ne mai sanda mai zare da notin kullewa, wanda ake iya ƙara masa tsawo ko a rage. Ramukan mariƙinsa ba su dace da jikin turbona ba. Kawu ya yanko tsohon mariƙin ya gyara shi ya huda sabbin ramuka, kuma duk abin da ya shafi wuta ya gama shi gwangwanin yana can nesa a kan benci, saboda robar ciki. Ya daɗe yana gwada zamansa, yana sa wasa yana cirewa, sai da sandar ta miƙe sak zuwa hannun ƙofa. In ta karkace, tana gogar bakin gwangwani, wata rana ta maƙale.

A kwalin an rubuta 0.7. Yaron ya ce rubutun kwali ba shaida ba ne. Ya aro famfon keke, ya haɗa shi da gejin da gwangwanin ta mahaɗin nan mai baki uku, ya ce in zuba wa sandar ido in yi magana da zarar ta motsa. Ya riƙa danna famfon kaɗan kaɗan, don bugu ɗaya mai ƙarfi na iya fasa robar, kuma ya ce ba zai wuce bar 1 ba. A wajen 0.55 na ga ta yi ɗan motsi. Ta ci gaba da fitowa sumul ba tsalle. Ya naɗe tiyon ya riƙe, muka ƙirga minti ɗaya, allura ba ta sauka ba. Ya saki, sanda ta koma da kanta.

Sai wurin da aikin yake, wato tsawon sanda. Kawu ya danne ƙofar a rufe da babban yatsa, ya kawo bakin sandar kusa da ƙusar hannun. Ya ce in ramin ya faɗa kan ƙusar cikin sauƙi, sandar ta yi tsawo: sifirin ba ya jan komai, marfi zai riƙa kaɗawa, hayaƙi ya riƙa sulalewa tun kafin turbo ya cika. Abin da ake so ramin ya gaza kaiwa da kamar rabin faɗinsa, milimita 2 zuwa 3, yadda sai an jawo sandar kafin ta shiga. Wannan ɗan jan shi ke danne marfi a mazauninsa. Ya riƙe jikin sandar da filaya yana juya kan kawai, don in sandar kanta ta juya robar ciki take murɗewa. Da ya kai inda yake so bai tsaya kokawa da sifirin ba, ya ce wa yaron, "Ba ta iska." Famfon keke ya turo sandar, ramin ya zauna kan ƙusa, aka saki, aka mayar da kilif, aka ɗaure notin kullewa. Aka sake gwadawa a jikin mota, yanzu sai wajen 0.65 take fara buɗewa. Ƙa'idar ba wuya: rage tsawon sanda, matsi ya hau, ƙara tsawo, ya sauka. Aka sa sabon siririn tiyo gajere, nesa da wuta, da maɗauri a kowane baki.

Sukurun famfo Kawu da kansa ya mayar. Zaren da aka juya ya fi sauran haske, sai ya bi wannan alama ya komar da shi inda yake. Ya ce wannan na wucin gadi ne, bayan kaka in kai famfon wajen masu injin gwaji su daidaita shi tare da nozul. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa shi da kaina, don in aka zurfafa shi da yawa inji na iya kwacewa ya yi ta hawa ba ya jin totur.

Na tayar da ita a warsha na taka totur, allura da ƙyar ta ɗaga kai. Gabana ya faɗi. Yaron ya yi dariya ya ce min, "Turbo ba ya aiki a tsaye, sai ya ji nauyi." Muka ɗora buhu 8 na dawa daga shagon maƙwabci muka kama hanyar Doka, gejin ɗaure da salatif a jikin gilashi. A shingen bincike na bakin gari wani soja ya daɗe yana kallon tiyon da ya fito daga bonet ya shiga taga. A wannan zamani ba a wasa da irin wannan kallo. Kawu ya sauko da furfurarsa ya buɗe masa bonet ya bi tiyon da yatsa tun daga tushe, sannan aka ɗaga mana hannu.

Giya ta uku, daga ƙasa, na take har ƙasa. Allura ta hau a sanyaye ta tsaya a 0.45, madubi kuma ya nuna baƙin hayaƙi yana bin mu. Yaron ya ce sandar ce, a rage ta juyi uku. Har ya ɗauko sifana. Kawu ya ce a sake takawa, ya sa ni na sauke gilashi, ya karkata kai waje ya lumshe ido. Ya ce, "Tsaya. Ba ƙofa ba ce. Iska na gudu." Mu ba mu ji komai ba sai ƙarar taya. Muka tsaya a gefen hanya, ya zura hannu ƙarƙashin babban tiyon iska ya fito da yatsu sharkaf da baƙin mai. Tiyon da ya sha kumbura wata da watanni ya yi laushi, cirewa da mayarwar da muka yi ta ƙarasa shi, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A tsaye tsagar a rufe take, sai matsi ya zo ta buɗe baki. Da mun bi ta sanda, da mun rufe ƙofa muna tilasta wa turbo ya yi ta gudu yana cika tulu mai huda, allura ta nuna daidai alhali farfela na cin wuya. Yaron ya mayar da sifanarsa aljihu ya ce, "Kaka, na bi." Kawu ya ce, "Agogonka ya faɗi gaskiya, bai dai faɗi dalili ba."

A nan na fahimci cewa ƙarancin iska ma ba lafiya ba ne. Baƙin hayaƙi jaz ne da bai samu iskar ƙonewa ba, kuma shi ke dafa inji daga ciki. Allurar zafi ba ta ba da labari da wuri, kafin ta motsa fistin ya riga ya sha wuta, shi kuwa da alminiyom aka yi shi, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660.

Washegari da sabon tiyo muka koma. Allura ta hau da sauri ta tsaya a 0.6, hayaƙi ya ɗan fito a farkon taku ya washe. Ba ta kai inda ta buɗe a famfon keke ba, yaron ya ce haka ne, a kan hanya hayaƙin kansa yana tura marfin daga ciki yana taya iska, shi ya sa awon benci jagora ne kawai, na hanya ne hukunci. Muka tsaya, muka jira ƙarfe ya huce har a iya taɓawa, aka cire kilif, juyi ɗaya, aka mayar. Na ƙone a bayan hannu duk da haka, tabon yana nan. Muka sake. Wannan karon ta hau 0.7 ta tsaya cak kamar an kafa mata ƙusa. Na riƙe totur har inji ya kai ƙarshen muryarsa, don a ga ko za ta ci gaba da rarrafawa sama, alamar ƙofa ba ta buɗewa sosai. Ba ta motsa ba. Na gwada a giya ta huɗu a wani ɗan hawa, haka. Sau uku muna maimaitawa. Na ce ko a ƙara rabin juyi, tunda akwai sauran fili kafin 0.8? Su biyun suka juyo suka dube ni a tare, na mayar da idona kan hanya.

Saura maganar ruwa. Da sassafe inji na sanyi Kawu ya cika lagireto har baki, ya tayar, ya tsuguna yana kallon wuyansa. In gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage, kumfa za ta riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya ba fashi. Muka yi kusan minti goma ba wanda ya yi magana. Ruwa ya kwanta lif. Murfin lagireton ne ya gaji, aka canja shi, aka wanke ƙaiƙayi da ƙurar da suka toshe saƙarsa. Allah ya rufa asiri. Duk da haka har yau ba na tayar da ita da safe sai na buɗe na leƙa.

Ba zan ɓoye ba, motar ba ta fizga kamar da. Fiton shahon nan ya tafi, sai wani siririn sauti da ke zuwa ya daidaita. Kwana biyun farko na ji kamar an rage min wani abu. Amma mun yi yankan riɗi cikakke, sawu biyu wani lokaci uku a rana a kan baƙar ƙasar nan mai tsagewa, allurar zafi ba ta bar tsakiya ba, jarkar ruwan da nake ajiyewa bayan kujera ma'aikata ne suka shanye ta. Jaz ma ya ragu a ciki, ko da yake ban auna ba balle in faɗi adadi. In na dawo daga doguwar tafiya ina barin ta a silo minti biyu kafin in kashe, don baƙin mai ya kwashe zafin sandar turbo kada ya ƙone a kanta. Duk ranar canjin mai kuma yaron yana sa famfon keke ya motsa ƙofar, ya duba kilif da siririn tiyo.

Kawu bai karɓi kuɗin hannu ba, sai na kai masa agashe da galan na man riɗi. Wayar tana nan rataye a ƙusa a bangon warsharsa, na roƙa ya jefar ya ƙi. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan ya aiko ƙaramin almajirinsa gida, wai Usta ya ce a ba shi aron agogon nan na yaro da famfon keke, an kawo masa wata mota mai turbo yana so ya ɗan duba wani abu, zuwa magariba zai dawo da su. Famfon keken ya dawo. Gejin yau kwanansa goma sha ɗaya.